Farabitin da Ya Faɗi a Bakin Ramin Chra

Kowace shekara, ran 11 ga watan Nuwamba, da ƙarfe 11 na safe, akan yi shiru na minti biyu a Ingila da ƙasashe da yawa waɗanda dā suke ƙarƙashinta, har da Gana, domin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. A wannan sa'a ce aka tsai da wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekara ta 1918. Mutanen Ingila sun ƙware wajen tunawa da ƙananan sojojinsu. Akwai wani farabiti mai suna John Parr, yaro ɗan shekara 17 daga arewacin birnin Landan, wanda aka aika a kan keke ya leƙo inda Jamusawa suke kusa da garin Mons a ƙasar Beljiyam. Ran 21 ga Agusta 1914 aka kashe shi. Ana ɗaukarsa shi ne sojan Ingila na fari da abokan gaba suka kashe a Turai cikin wannan yaƙi. Kabarinsa yana nan a maƙabartar St Symphorien, da farin dutse, da sunansa da lambarsa, mutane kuwa suna zuwa daga nesa su tsaya a wurin.

Kashegarin mutuwar Parr, wato ran 22 ga Agusta, waɗansu sojojin Sarkin Ingila suka faɗi a bakin ramukan yaƙi a gaɓar wani kogi da ake kira Chra, a ƙasar Togo. Su ma farabiti ne da kofur da saje, rantsuwarsu ga sarki ɗaya. Amma baƙaƙen fata ne, yawancin rundunarsu daga arewacin ƙasar Gwalkos, wadda yanzu ake kira Gana, umarnin da suke ji a bakin daga kuwa da Hausa ake ba da shi. Labarin irin wannan soja ya shafi Salaga da Yendi da Bawku, ya kuma shafi kowane mai jin Hausa.

Yadda hanyar goro ta zama hanyar soja

Kafin Turawa su kafa mulki, Salaga ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna, su kawo tufafi da kanwa da fata, su koma da goron da ya fito daga kurmin Tonawa, wato Asante. Amma ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba. Kasuwar bayi ce mai girma, musamman a zamanin da mayaƙan Zabarmawa, a ƙarƙashin Babatu, suke kai hari ƙasar Gurunshi suna kamo mutane. Bawan da ya daɗe a zango yakan koyi Hausa, gama ita ce harshen ciniki.

A can Ikko kuwa, a shekara ta 1863, wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara waɗansu masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, ya mai da su 'yan bindiga. Da su ya zo Gwalkos a yaƙin da aka yi da Tonawa a 1873 zuwa 1874. Turawa suka ga amfaninsu, suka kafa runduna ta dindindin a 1879, wadda kowa yake kira rundunar Hausawa. Da aka rasa isassun mutane a bakin teku, sai aka riƙa aika jami'ai har Salaga su nemo masu shiga soja. A 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, jama'arta suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangogi. A cikin waɗanda suka rasa madafa, waɗansu suka sa kaki.

A shekara ta 1901 aka mai da wannan runduna Rundunar Gwalkos. A lokacin, Hausawa na asali ba su ne suka fi yawa a cikinta ba. Akwai Gurunshi, da Moshi, da Dagwamba, da Farafara, da Kanjarga, da Kusasi, da Busanga, da Fulani, da Zabarmawa. Duk da haka harshen bariki Hausa ne, hafsoshin Turawa ma dole su koye ta. Kirarin da rundunar ta riƙe a kan tambarinta kalmomi biyu ne na Hausa, Kullum Shiri.

A nan ne mai karatu zai lura da wani abu da ya zama tushen ɓatan suna daga baya. Sa'ad da saurayi ya tsaya gaban akawun bariki, akan tambaye shi sunansa, a rubuta na yanka ko kuwa wanda aka laƙaba masa a zango, sa'an nan a ɗora sunan kabilarsa ko garinsu a maimakon na mahaifinsa. Saboda haka littattafan rundunar suka cika da wane Gurunshi, wane Moshi, wane Dagwamba, wane Kano. Mutum goma suna iya ɗaukar suna ɗaya, lamba ce kaɗai take bambanta su. Sunan uba, da na gida, da na ƙauye, waɗanda da su ne ake gane mutum a ƙasarsu, sau da yawa ba su shiga takarda ba.

Iyakar da ta raba Dagwamba

Ingila da Jamus sun daɗe suna takara a kan wannan yanki. A 1888 suka yarda a bar Salaga da Yendi a tsakani, kada kowa ya taɓa. Alkawarin bai hana Jamusawa zuwa da bindigogi ba. A watan Disamba 1896 suka ci mayaƙan Dagwamba a Adibo, suka ƙone Yendi. A 1899 ƙasashen biyu suka raba yankin, kogin Daka ya zama iyaka a wani sashe. Salaga da Tamale da Bawku suka faɗa hannun Ingila, Yendi kuwa, inda Ya Na yake zaune, ta faɗa hannun Jamus. Sarki yana wannan gefe, rabin talakawansa suna wancan.

Jamusawa ma suna da 'yan bindigarsu baƙaƙe a Togo. Tun farko da Hausawa suka kafa rundunar, daga baya suka ƙara da mutanen arewa irin waɗanda Ingila take ɗauka. Wato samari biyu da suka tashi a kan hanyar fatake ɗaya, suna jin harshe ɗaya, ɗaya yana iya samun kansa a kakin Ingila, ɗaya a na Jamus, ba don wata gaba da take tsakaninsu ba.

Da yaƙi ya tashi a watan Agusta 1914, 'yan sandan Ingila na arewa suka shiga Yendi ba tare da an gwabza ba, Ya Na Alasani kuwa ya karɓe su, gama yana fata ƙasarsa ta sāke haɗuwa. Yaƙin ya taɓa aikin bishara a garin. Masu wa'azi na mishan ɗin Basel sun buɗe tasha a Yendi a 1913, amma a 1916 gwamnatin Ingila ta kwashe su saboda dangantakarsu da Jamus. Sai a 1931 waɗansu masu bishara, na Assemblies of God, suka zauna a garin.

Ramukan Chra

Abin da Ingila take nema a Togo shi ne tashar wayar iska da Jamusawa suka gina a Kamina, kusa da Atakpame. Ta wurinta Berlin take magana da sauran ƙasashen da take mulki a Afirka da jiragen ruwanta da suke cikin teku. Saboda haka Rundunar Gwalkos ta ƙetare iyaka tun a makon farko na yaƙi, ta shiga Lome, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa. A cikin waɗannan kwanaki ne wani soja mai suna Alhaji Gurunshi ya harba harsashin da masana tarihi suke cewa shi ne na fari da wani sojan Ingila ya harba a yaƙin duka. Shi ya tsira da ransa, ya kai matsayin samanja, ya sami lambar yabo a Gabashin Afirka. A tsakiyar watan aka yi karo a Agbeluvoe, aka kashe waɗansu daga ɓangaren Ingila, kwanaki kafin mutuwar John Parr.

Jamusawa suka ja da baya zuwa kogin Chra. Suka fasa gadar jirgi, suka haƙa ramuka a kan tudu a hayin kogin, suka binne nakiyoyi a hanya, suka girka bindigogi masu ruwan harsashi guda uku. Damina ce, ciyawa ta fi tsayin mutum, kurmi ya rufe gaɓar kogi. Sojan da yake kutsawa cikin wannan ciyawa ba ya ganin na kusa da shi, balle ramin da wutar take fitowa. Yawancinsu ba takalmi a ƙafa. Da yawa ba su taɓa jin ƙarar irin wannan bindiga tana fuskantarsu ba.

Ran 22 ga Agusta sojojin Gwalkos, tare da 'yan bindigar Senegal na Faransa, suka kai hari. Tun da safe har yamma ana ɓarin wuta, ba su iya shiga ramukan ba. Waɗansu sun matso ƙwarai kusa da bakin rami kafin harsashi ya tare su. Mutum fiye da 20 suka mutu, kimanin 50 suka ji rauni. Da gari ya waye aka tarar Jamusawa sun janye da dare. Bayan kwana biyu suka rushe tashar Kamina da hannunsu, ran 26 ga Agusta kuwa suka miƙa wuya.

A cikin waɗanda suka mutu a Chra akwai Laftanan George Thompson, wanda shi ne hafsan Ingila na fari da aka kashe a bakin daga a wannan yaƙi. An sami gawarsa tare da gawawwakin baƙaƙen sojojin da suka bi shi har bakin rami. Kabarinsa yana nan har yau a ƙauyen, wanda yanzu ake kira Wahala, sunan da ba ya bukatar fassara ga Bahaushe. Littattafan tarihi suna ba da labarin Thompson, da makarantar da ya yi, da rundunar da ya fito. Waɗanda suka kwanta kewaye da shi kuwa, galibi da adadi kawai ake ambatarsu.

Daga Bawku zuwa Gabashin Afirka

Yaƙin Togo kwana kaɗan ya ɗauka, amma aikin rundunar bai ƙare ba. An kai ta Kamaru, sa'an nan a watan Yuli 1916 aka sa ta a jirgin ruwa zuwa Mombasa, domin a yaƙi Janar Lettow-Vorbeck a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Da mutane suka yi ta ƙarewa, gwamnati ta juyo arewa neman sababbi, musamman a 1917. Hanyar da aka bi ita ce a ce wa sarki ya kawo samari kaza. Waɗansu sun zo da son ransu, saboda albashi ko don su kuɓuta daga wata wahala ta gida. Waɗansu kuwa kamo su aka yi. Sarkin da aka matsa wa yakan fara da baƙo, ko maraya, ko wanda ba shi da mai tsaya masa. Akwai ƙauyukan da samari suka gudu jeji da jin labarin masu ɗaukar soja.

Yankin Bawku yana kusurwar da ƙasar Ingila ta haɗu da ta Faransa da ta Jamus, kasuwarsa kuwa mahaɗar Kusasi da Busanga da Moshi da Hausawan zango ce. Faransa tana ɗaukar soja da ƙarfi a nata gefe, tana kai su ramukan Turai. Saboda haka samari da yawa suka riƙa ƙetarowa, waɗansunsu suka ƙare a barikin Ingila. Irin wannan saurayi, in ya mutu, danginsa suna wata ƙasa dabam, ba wanda zai kai musu labari.

A Gabashin Afirka ne sojan Gwalkos ya ɗanɗani zaman rami sosai. A watan Disamba 1916, a duwatsun Kibata, Jamusawa suka kawo wata babbar igwa da suka ciro daga jirgin ruwansu na yaƙi mai suna Königsberg. Sojojin Gwalkos suka hau wani tudu, suka haƙa ramuka, igwa tana sauka a kansu, ruwan sama yana cika ramukan. Saboda yawan waɗanda suka faɗi a wurin, aka riƙa kiran tudun da sunan rundunar. Ran 19 ga Yuli 1917, a Narungombe, suka sāke fuskantar Jamusawa a cikin ramuka. Ciyawa ta kama wuta a tsakiyar faɗa, ta cim ma waɗansu masu rauni da ba su iya tashi ba. A wannan yini ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar na rundunar ya mutu ko ya ji rauni. Daga nan suka bi abokan gaba har cikin Mozambik, sai a 1918 suka komo gida. Waɗanda harsashi ya kashe a wannan tafiya sun wuce 200, waɗanda zazzaɓi da atuni da ciwon huhu suka kashe kuwa sun fi haka. Banda su akwai 'yan dako, masu ɗaukar abinci da harsashi a ka, waɗanda mutuwarsu ta fi ta soja yawa a yaƙin Gabashin Afirka duka, lissafinsu kuwa ya fi na kowa lalacewa.

Dutsen kabari da wanda aka hana

A 1917 Ingila ta kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, a ƙarƙashin jagorancin Fabian Ware. Ƙa'idarta mai kyau ce. Kowane mamaci za a tuna da shi da sunansa, janar da farabiti dutse iri ɗaya, ba bambancin matsayi ko addini. A Turai an cika wannan alkawari. Ranar farko ta yaƙin Somme, 1 ga Yuli 1916, sojojin Ingila fiye da 19,000 suka mutu. Waɗanda ba a ga gawarsu ba a wannan yanki, mutum fiye da 72,000, an sassaƙa sunayensu ɗaya ɗaya a ginin Thiepval. An aika wa iyalai faifan tagulla mai ɗauke da sunan ɗansu. Ran 11 ga Nuwamba 1920 aka binne wani soja da ba a san ko wane ne ba a babbar majami'ar Westminster, a tsakiyar sarakuna, domin uwar da ba ta san kabarin ɗanta ba ta sami wurin tsayawa.

A Afirka abin ya sha bamban. A 1923 aka tattauna da gwamnan Gwalkos, Guggisberg, a kan kaburburan baƙaƙen sojoji. Ra'ayin da ya bayar shi ne talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba, gara a yi abin tunawa guda ɗaya domin kowa. Aka bi wannan hanya. An kafa dutsen tunawa a Kumasi, aka tattara sunayen sojojin rundunar yadda suke a littafin bariki, kaburburan da suke warwatse a Togo da Kamaru da Tanzaniya kuwa galibi aka bar jeji ya cinye su. Wanda ya san mutanen arewa ya san wannan ra'ayi kuskure ne. Musulmi yana yi wa mamacinsa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Bakusase da Bagurunshe suna yin babban bikin makoki ko bayan shekaru, suna kiran kakanni da sunayensu. A Yendi har yau ana nuna kabarin Babatu, wanda ya mutu a garin a 1907. Mutanen da suka riƙe kabarin mai kamun bayi, ba za a ce ba su san darajar kabarin ɗansu ba.

A watan Afrilu 2021 hukumar kaburburan ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi a kanta. Binciken ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ko kuwa ba a tuna da su ko kaɗan ba. Ya kuma bayyana a fili cewa wariyar launin fata ce ta jawo haka. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Tun daga nan hukumar ta shiga neman sunaye a tsofaffin takardu, a 2025 kuwa ta buɗe wurin tunawa a birnin Cape Town mai ɗauke da sunayen ma'aikatan yaƙi baƙaƙe fiye da 1,700.

Abin da ya rage a hannun jama'a

Takarda tana iya ba da lamba da ranar mutuwa, amma ba ta iya faɗin ko ɗan wane ne. Wannan sani yana bakin tsofaffi, a Salaga da Yendi da Bawku, da zangogin Kumasi da Tamale, inda tsofaffin sojoji da yawa suka zauna bayan sallama. A wani gida ana tuna cewa ƙanen kaka ya tafi yaƙin Jamus bai komo ba. A wani gida akwai tsohuwar lamba a cikin adaka, an sassaƙa suna da lambar soja a gefenta. In aka haɗa abin da yake bakin tsoho da abin da yake littafin bariki, ko ma'ajiyar takardun gwamnati ta Tamale da ta Akra, sai wane Gurunshi ya koma ɗan gidan wane na ƙauye kaza. Shekara fiye da ɗari ta wuce, jikokin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido su ma sun tsufa.

Gana ta san yadda ake riƙe sunan ƙaramin soja. Kowane ɗan makaranta ya ji labarin Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tsofaffin sojojin da aka harbe a Akra ran 28 ga Fabrairu 1948 suna neman hakkinsu. Na arewa da suka faɗi a Chra da Kibata da Narungombe sun cancanci irin wannan.

Ikilisiyoyin da suke sujada da Hausa suna da abin da aikin yake bukata. Suna da masu karatu da rubutu, suna da littafin ajiye sunaye, suna kuma da al'adar yin addu'ar tunawa a watan Nuwamba. Yawancin waɗannan sojoji Musulmi ne ko masu bin addinin gargajiya, gama a 1914 bishara ba ta daɗe da isa arewa ba, shekara takwas ke nan da Fadan Katolika suka sauka a Navrongo. Wannan ba ya rage nauyin da yake kan maƙwabci. Fasto da liman da sarkin zango suna iya zama tare, su aiki matasa gida gida da littafi, su rubuta sunan mamacin na ainihi, da na mahaifinsa, da ƙauyensu, da inda aka ce ya faɗi. Sa'an nan, ran 11 ga Nuwamba, bayan an yi shiru na minti biyu, a miƙe a karanta sunayen da ƙarfi, a cikin harshen da aka ba su umarni da shi.